Yayana, Na Cikin Rijiya

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya koma wata Laraba da hantsi, a gidansa na Tanut, bayan jinyar da ta cinye damina guda. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ce in zauna a tsakiya, tunda yanzu ni ne babba. Ban iya zaman ba. In tashi in leƙa cikin gida, in dawo, in gyara buta, in sake tashi.

Masu gaisuwa ma ba su zo da natsuwar da aka saba ba. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta zo daga Gangara, ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙansa, sai dariya ta kubce mata. Ta rufe baki da mayafi, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Ku yafe mini. Muryarsa na tuna." Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya ya ce shekara talatin yana koyarwa, bai taɓa samun yara sun yi tsit irin yadda kasuwa guda take yi wa yayana ba. Makiyaya suka zo da rawunansu, suka yi addu'a, suka ƙi shan ruwa, suna ta waige-waige. Kowa in ya shafa fatiha sai ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya ya tambaye ni abu ɗaya.

"Ina Na Sama?"

Na Sama taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu da ta auri makiyayi a wajen Belbeji. Shekara tara ke nan ba su yi magana da yayana ba. Duk ƙasarmu ta Damargu ta san haka. Abin da ba a sani ba shi ne ni na haddasa. Na ga in ban rubuta wannan ba, za a tuna yayana a matsayin mai ban dariya na kasuwa kawai, kuma ba shi ke nan ba.

Sana'arsa ta farko yasar rijiya ce. Wanda bai san rijiyoyin ƙasarmu ba ba zai gane ba. Na sha ruwa a Kwatano, inda mace ke zura guga da igiyar da ba ta fi zanenta tsawo ba. A nan sai an ɗaura wa raƙumi igiya, ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido, kafin guga ta iso baki. Masu yasa suna da doka ɗaya da ba a karyawa: wanda ke sama ba ya yin shiru, wanda ke ƙasa ba ya ƙin amsawa. Akwai iska a ƙasan rijiya mai shaƙe mutum ba tare da ya sani ba, to da murya ake gane yana raye. Shi ma na ƙasa da murya yake gane ba a manta da shi ba.

Yana saurayi aka zura shi wata rijiya kusa da Gangara. Yana cikin aiki gobara ta tashi a rumbunan gari, masu riƙe igiya duka suka ruga, kowa yana zaton wani ya tsaya. Yaya ya kira, ya sake kira. Daga hantsi har rana ta karkata babu wanda ya amsa. Taubashinmu ne ya kawo dabbobi shan ruwa, ya ji nishi daga ƙasa. Shi kaɗai ba zai iya jawo shi ba, kuma da ya ce zai je neman mutane, yaya ya roƙe shi kada ya tafi. Sai ya zauna a bakin rijiyar yana yi masa surutu, yana zaginsa da zagin taubasai, har mutane suka dawo da la'asar.

An fito da yayana da ransa, amma bai ƙara shiga rijiya ba, bai kuma ƙara jure shiru ba. In yana tafiya gona da jaki yake hira. In baƙo ya tambaye shi hanya, sai ya raka shi, don dai a ci gaba da magana. Gaisuwarsa ba ta ƙarewa: ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Matarsa ta ce in tana daka ta tsaya hutawa, sai ta ji daga zaure, "Kina nan?" Ta ce, "Ina zan je da taɓarya a hannu?" Ya ce, "To, ci gaba." Yakan tsaya tsakiyar cin tuwo ya dubi hannunsa, ya ce mini, "Ƙanena, kai da ka zaga duniya, akwai inda mutum ke sanin yana nan ba sai wani ya gaya masa ba?" In ce masa ya ci tuwonsa.

Daga wannan rijiyar wasan kwaikwayonsu ya fito, shi da taubashi. Babu labule, babu ganga, babu takarda. Ranar kasuwa sukan naɗe zana su tsayar da ita kamar bakin rijiya, yaya ya shiga ciki ba a ganinsa. Taubashi ya kife turmi ya zauna a kai, da igiya a hannu, bakinta ya faɗa cikin zanar. Shi ke nan kayan wasan. Sauran duk magana ce, kuma ba su taɓa shirya ta ba. Yaya yakan ce wanda ya haddace amsa tun daga gida ba zai saurari tambaya ba.

"Na Sama, kana nan?"

"Ina nan, bawana. Igiyarka na hannuna."

"Me kake gani?"

"Jaki."

"Me yake yi?"

"Tunani."

"Tunanin me?"

"Yadda aka yi manomi mai hankali yake cikin rami, shi jaki yana waje."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Su zagi manoma, su zagi makiyaya, su taɓa mai gari, su taɓa surukai. Sai can, lokacin da mutane suka saki jiki, muryar cikin zana ta sauya.

"Na Sama, daga nan sararin sama bai fi faifai ba. Da gaske yana da faɗi, ko faɗa mini kawai kuke yi?"

"Yana da faɗi."

"In ka tashi ka tafi, wa zai shaida akwai mutum a nan?"

"Ba zan tafi ba."

"Kowa yana tafiya."

"To yau dai ba zan tafi ba. Cika guga, ka ishe ni."

A nan za ka ga mai awon hatsi ya tsaya da tiya a hannu. Na ga dattijo mai rawani yana share ido da bakin rawaninsa, yana yi kamar ƙura ce. Haka suka yi shekaru suna zaga Tanut, Gangara, Ollelewa da Belbeji, kuma ban taɓa jin sun maimaita wasa ɗaya sau biyu ba.

Limamin unguwarmu bai so abin ba. Ya taɓa tare yaya a ƙofar masallaci ya ce, "Wannan tsoron da kake rabawa a kasuwa raunin imani ne. Wanda ya san Allah na tare da shi ba ya tambayar ko akwai wani a sama." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ban taɓa shakkar Yana ji ba. Ni dai bawa ne mai rauni, ina son in ji an ce na'am da wannan kunnen." Liman ya ce ya nemi gafara. Yaya ya ce kullum yana nema. Bayan shekaru, lokacin da tari mai tsanani ya kama limamin, likita ya ce a keɓe shi a ɗaki, almajiransa ma suna ajiye abinci daga nesa, yayana ne yake zuwa kowace safiya ya zauna a bayan katanga. Ya ba shi labarin wanda ya haihu, da wanda akuyarsa ta ɓata, da yadda na'ibi ya yi tuntuɓe a karatu. Wata uku bai fasa ba. Ranar jana'izar yaya limamin ne ya ja salla.

Ni kuwa tafinta ne. Na bi manyan motoci da matafiya zuwa Agadas, Tamanrasat da Sabha, na zauna Kano, na zauna Abijan, har Faransa an taɓa kai ni. Ina jin Faransanci, Larabci, Tamajak da ɗan Fulatanci, kuma duk inda na je sai na shiga gidan wasa in gwada da namu. A Abijan suna da rawa da kiɗa, jiki ne ke magana. A Faransa na ga abin da ya tsaya mini a rai: ana tsakiyar wasa, ɗan wasan ya yi shiru. Ya daɗe bai ce komai ba, ɗakin duka ya riƙe numfashi. Na ce a raina, wannan ne ya rage wa su yaya. Suna cika surutu.

Na dawo gida da wannan a kai. Ranar kasuwar Ollelewa, kafin su fara, na ja taubashi gefe na ce, "In ya tambaye ka ko kana nan, kada ka amsa nan take. Yi shiru kaɗan. Za ka ga yadda kasuwa za ta yi."

Ya ce, "Tafinta, ka san dokar."

Na ce, "Wannan zana ce, ba rijiya ba. Numfashi biyar kawai."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa.

Wasa ya yi nisa, yaya ya ce, "Na Sama, kana nan?" Taubashi ya yi shiru. Kasuwa ta yi tsit, irin tsit ɗin da na gani a Faransa, har na ji daɗi. Shi ma taubashi ya ji daɗin, na gani a fuskarsa, sai ya wuce biyar ɗin. Yaya ya sake kira. Ya kira na uku da sunan yanka na taubashi, abin da bai taɓa yi a wasa ba. Sai igiyar ta fara karkarwa. Zanar ta faɗi, muka ga yayana durƙushe, gumi ya jiƙa rigarsa, yana haki, yana kakkaɓe ƙasa da hannu kamar mai neman mafita. Wasu suka yi dariya, sun zaci cikin wasan ne.

Da ya dawo hayyacinsa ya miƙe, ya naɗe igiyar, ya ajiye ta a gaban taubashi. Ya ce, "Kowa a duniya zai iya yi mini haka, ban da kai. Kai ka san abin da ke ƙasa. Kada ka ƙara yi mini magana." Taubashi ya dube ni. Ni na dubi ƙasa. Taubashi ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar Belbeji.

Wasan ya mutu daga ranar. Matasa sun zo sun ce za su hau turmi, yaya ya gwada da mutum biyu, ya ce ba sa saurare, jira kawai suke ya gama su faɗi tasu. Ya koma gona da jakinsa. Ni na ci gaba da zuwa ina zama da shi, muna hira, yana cewa, "Kai dai ba ka taɓa sakin igiyata ba." Sau nawa na buɗe baki in faɗa masa. Kullum sai in ce bari sai ya huce, daga baya na ce ai abin ya wuce.

A makon ƙarshe na jinyarsa na same shi kwance, ɗiyarsa ta fari tana yi masa fifita. Ya ce ta ba mu wuri. Ya kama hannuna ya ce, "Ba mutuwar nake tsoro ba. Na san yadda ake yi: a sa mutum a rami, a tura ƙasa, a yi addu'a, kowa ya kakkaɓe hannu ya tafi. Tafiyar nan ce. Kada ku watse ku bar ni da shiru. Wani ya tsaya ya yi mini magana, ko ta banza ce." Na ce zan tsaya. Ya rufe ido, can ya ce, "Wa ke sama?" Na ce ni ne. Na san ba ni yake tambaya ba. Na yi niyyar zuwa Belbeji washegari, na ɗaga zuwa jibi, don na san in na kawo taubashi dole maganar Ollelewa ta fito. Laraba ta riga ni.

A maƙabarta, da mutane suka juya, na tsaya kamar yadda na yi alkawari. Na buɗe baki. Harshe biyar nake ji, ban samu kalma ɗaya ba, domin abin da ya kamata in fara faɗa shi ne abin da na shekara tara ina ɓoyewa. Na yi addu'a a zuci na bi sahun mutane. Shi ya sa tabarmar gaisuwa ta gagare ni zama.

Alhamis da safe na bar wa ƙannena karɓar gaisuwa na shiga motar Belbeji. Na samu taubashi a bakin rijiya, bayan gari, yana kallon 'ya'yansa suna shayar da raƙuma. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat. Bai tashi ba.

Ya ce, "Tafinta. Manoma sun rasa ɗan aike ne, sai tsoho?"

Na ce, "Yaya ya rasu."

"Waya ta riga ka. Allah ya jiƙansa."

"Me ya hana ka zuwa?"

"Shi ya ce kada in ƙara yi masa magana. Ban ji ya janye ba."

Na gaya masa abin da yaya ya roƙa, da yadda na tsaya na kasa. Ya tambaya ko ya ambaci sunansa. Na so in ce e, amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Cewa ya yi, wa ke sama." Taubashi ya juya fuska wajen raƙuma.

Sannan ya ce, "Ka gaya masa kai ka sa ni?"

"A'a."

"Ni ma ban gaya masa ba."

"Me ya sa? Da ka faɗa, da tuni kun shirya."

Ya ce, "Da ya rasa mu biyu. Mutumin da ba ya iya zama shi kaɗai, na ga gara ya rasa ɗaya. Kuma kai biyar ka ce. Sauran ni na ƙara." Ya miƙe da ƙyar, ya ce wa babban ɗansa ya kawo masa rigar Juma'a.

Mun iso Tanut ranar sadakar uku, bayan an sauko daga masallaci. Da mutanen ƙofar gida suka gan shi, magana ta tsaya. Matar yaya ta leƙo daga zaure, ta ce, "Sai yanzu?" Ya ce, "Sai yanzu, uwar gida." Ya yi gaisuwa a taƙaice, ya ce in kai shi. Liman ya biyo mu da sandarsa.

Taubashi ya yi sallama ga mutanen maƙabarta, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Sai ya zauna a ƙasa kusa da kabarin, ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda yake zama a kan turmi. Liman ya ce, "Addu'a ake yi a nan." Ya ce, "Na yi, Malam. Yanzu hira zan yi." Liman ya koma gindin wata aduwa ya zauna, bai tafi ba.

Na zaci zai tambaya ko yaya yana nan. Bai tambaya ba. Ya ce, "Bawana, ni ne. Ba sai ka amsa ba." Ya fara ba shi labarin shekara tara. Raƙumar nan mai taurin kai ta mutu. Rijiyar Gangara an ɗaure ta da siminti. Ɗiyarsa ta auri manomi, abin kunya, kuma yaron ba shi da laifi. Haƙoransa saura shida. Ya gaya masa sararin sama yana nan da faɗinsa, ya duba yanzu. Ya ce akwai jaki a bakin maƙabarta, yana tunani. Daga gindin aduwa na ji liman ya yi wani sauti, ban sani ba ko tari ne.

Bai tsaya ba sai da inuwa ta yi tsawo, muryarsa ta dishe har ba a jin ta sosai. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Tafinta, karɓi. Ba a barin wurin nan babu murya, ni kuma tawa ta ƙare."

Na matso na durƙusa. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na ce, "Yaya, ni ne ƙanenka. Ranar kasuwar Ollelewa, ni na ce ya yi shiru." Daga nan maganar ta zo, da Hausar gidanmu, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Taubashi yana gefe yana cewa "uhm" a duk inda na tsaya, don kada wurin ya yi tsit.

Ban san abin da mamaci ke ji ba. Na tambayi liman a hanyar komawa, ya ce Allah ne masani, ya ƙara da cewa shi dai ya ji. Allah Ya yalwata wa yayana makwancinsa, Ya haskaka shi, Ya sa da aka tambaye shi ya amsa ba tare da firgita ba. Mu da muka rage a sama, Allah Ya yafe mana.

Taubashi bai koma Belbeji ba tukuna. Yana kwana a zauren yaya. Kowace safiya in na shigo, kafin in yi sallama sai in ji ya ce, "Tafinta, kana nan?" Ina amsawa nan take.